Lansir Da Danginsa: Abin Da Rabin Buhu Ya Koya Min A Kasuwar Injamena



Shekarata 16 ke nan a Injamena. Aure ne ya kawo ni daga Kano. Maigidana yana harkar atamfa da shadda, ni kuma ina da ɗan teburina na kayan ƙamshi: citta, kanumfari, masoro, kimba, hulba, habbatus sauda da sauran tarkace. Yau labarin abu ɗaya cikin kayan teburin nan nake son ba ku, don ya taɓa sa ni jin kunya, ya kawo min kuɗi, daga baya kuma ya kusa raba ni da mutanen da nake ganin girmansu.

Ina Da Shi, Ina Cewa Babu

A 2015 ne, lokacin da hanyar Gamboru ta rufe saboda rikicin Boko Haram. Waɗanda suke nan a lokacin ba sai an tuna musu ba. Kayan da a da za su taso daga Kano su bi Maiduguri, Gamboru, Fotokol, Kusiri, su tsallako gada cikin 'yan kwanaki, sai suka koma yin makonni suna zagaye. Kuɗin mota ya ninka, jari ya kwanta. A cikin wannan halin wani ɗan uwa da nake bi bashi ya aiko min da rabin buhun algarif a madadin kuɗina. Wasu suna ce masa zamantarore. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne jajaye, sun ɗan fi riɗi tsawo.

Na karɓa dai ba don raina ya so ba. Matanmu Hausawa a nan ba su cika tambayarsa ba, in an sayi na kwalbar shayi ɗaya a mako an yi ciniki. Na tura buhun ƙarƙashin tebur, na ɗora masa tsohuwar tabarma, ya yi wata bakwai a wurin.

A cikin watannin nan kusan kowane mako sai wata Balarabiya ta tsaya ta ce, "Habbat rashad fi?" Ni kuma da ɗan Larabcin kasuwa da na tsinta sai in ce, "Mafi." Ta wuce. Ban taɓa tambayar mene ne shi ba, na ɗauka wani abu ne na ƙasarsu.

Ranar da asirina ya tonu ina share ƙarƙashin tebur, na jawo buhun waje. Maƙwabciyata 'yar Sudan, mai sayar da humra da turaren wuta, ta zura hannu ta ɗebo. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Hajiya, wannan fa? Mata nawa kika kora a gabana kina cewa mafi?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kafin wata biyu buhun ya ƙare, na aika a ƙaro.

Wa Ya Shuka Miki Lansir?

Kunya ta biyu a gida ta same ni. Na kawo ragowar kakkaɓen buhun, yara suka zubar da shi kusa da randa, inda ƙasa ba ta rabo da danshi. Lokacin sanyi ne, wajen Disamba. Kwana biyu sai ga wurin ya yi tsiri-tsiri kore. Na ce a bar shi in ga ikon Allah. Bayan kamar mako biyu surukata, wadda ta zo mana ziyara daga gida, tana alwala a wurin, ta tsinki ganye ɗaya ta sa a baki. Sai na ji ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya shuka miki lansir?"

Ni da na tashi ina sayen lansir ɗauri-ɗauri wajen masu talla a Fagge, ban taɓa sanin algarif irinsa ba ne. A kaina lansir na mai kayan miya ne, algarif na mai magani ne, ba abin da ya haɗa su. Da na riƙa ba da labarin sai na gane ba ni kaɗai ba ce. Mu 'yan birni mun san ganyen a faranti, mun san ƙwayar a kwalba, mutanen fadama ne suka san tsakaninsu.

Daga nan na sa babban ɗana, wanda yake makarantar gaba da firamare a nan, ya tambayo min malaminsu na kimiyyar tsirrai, muka yi ta bin diddigi. Abin da zan zayyano muku daga nan shi muka tattara a hankali cikin shekaru.

Gidansu Babba Ne

Masana tsirrai suna kiran lansir Lepidium sativum. Kalmar farko sunan zuriyar ne, ta biyu sunansa shi kansa, kuma ma'anarta "wanda ake shukawa". Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tabbatar da sunan a 1753. Asalin kalmar Lepidium daga Girkanci take, tana nufin ɗan ɓawon jikin kifi. In kika bar lansir ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya za ki ga dalili: kwanson ɗan mitsitsi ne, shafaffe, mai ɗan tsagi a kai, sak ɓawon kifi. Kowane kwanso ɗaki biyu ne, kowane ɗaki ƙwaya ɗaya.

Zuriyar Lepidium tana da nau'i sama da 170, kuma mafi yawansu ba wanda ya shuka su. Ciyayi ne na bakin hanya, gefen gona, kango da ƙasa mai gishiri. Ban da Antatika mai ƙanƙara, babu nahiyar da ba a samun su. Ita zuriyar kuma tana cikin babban dangin da ya haɗa kabeji, hardal, da jirjir ɗin nan da mutanen Chadi da Sudan suke ci da gasasshen nama. Alamar dangin a fure take: kunne huɗu, biyu na fuskantar biyu, kamar mararrabar hanya. Na lansir fari ne, ƙanana ƙwarai.

Shi lansir ɗinmu masana suna danganta asalinsa da yankin da ya taso daga Habasha zuwa Gabas ta Tsakiya har Farisa. Ko'ina ya je ya samu suna. Larabawa suna ce wa ƙwayar habbur rashad. Habashawa suna ce mata feto. A Indiya halim ne, a yammacin ƙasar kuma aliv, inda ake mulmula shi da kwakwa da mazarƙwaila a ba mai jego. Faransawa suna ce wa ganyen cresson alénois. Ɗan kasuwar da ya riƙe sunayen nan biyar ya ƙara kwastomomi kashi biyar ba tare da ya ƙara ko sisi a jarinsa ba. Ni sai da na yi asarar wata bakwai na gane haka.

'Yan uwansa na daji kuwa kowa da halinsa. Akwai Lepidium didymum, ɗan asalin Kudancin Amurka, mai shimfiɗa a ƙasa, wanda ya bazu duniya. Masu kiwo a Ostireliya da New Zealand sun san shi da ɓata madara: in saniya ta ci, warinsa yana fita a nono da man shanu. Akwai Lepidium latifolium, mai faɗin ganye, wanda ya zame wa yammacin Amurka annoba, yana cinye fadamu ya kori ciyawar asali. Shi ɗin dai a Ladak, can tsaunukan arewacin Indiya, ganyen miya ne: a tafasa, a jiƙa a ruwa ɗacin ya fita, a ci. Abin da wani yake kashe kuɗi ya kawar, wani da shi yake ciyar da gida.

Daga Ina Yajin Yake?

Duk wanda ya ci lansir ya san wannan ɗan yajin da yake hawa hanci. Yadda abin yake akwai mamaki. Tsiron yana ajiye abubuwa biyu a jikinsa, kowanne a ɗakinsa: wani sinadari da ake kira gulukosinolet, da wani mai narkar da shi. Muddin ganyen yana lafiya ba sa haɗuwa. Da zarar tsutsa ta ciza, ko wuƙa ta yanka, ko haƙori ya tauna, sai ɗakunan su fashe su gauraya, nan take mai mai yaji ya fito. Makamin tsiron ne na korar ƙwari, mu kuma muka mai da shi daɗin baki.

In kina son shaida, tauna 'ya'yan gwanda biyu. Yajin da za ki ji irin na lansir ne, don sinadari ɗaya ne a cikinsu, duk da gwanda ba 'yar ɗakinsu ba ce, dangi ne na nesa.

Wannan ya bayyana min abubuwa biyu da iyayenmu suke yi ba tare da sun faɗi dalili ba. Ba sa dafa lansir, don zafi yana kashe mai narkarwar, yajin ya tafi. Kuma ba sa yanka shi tun safe a ajiye, don man yana bin iska. Sai an zo ci ake yankawa, a zuba tumatir, albasa, dakakken ƙuli-ƙuli, ɗan attaruhu, gishiri, man gyaɗa, a matsa lemon tsami. A ɗora a gefen garau-garau. Yarana da suka tashi a nan, ranar farko cewa suka yi, "Umma, ciyawa za mu ci?" Yanzu ƙaramar ita take tuna min in an shiga sanyi.

Abu ɗaya dai: tunda ɗanye ake ci, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, a ɗan jiƙa shi a ruwan gishiri ko na khal, a sake ɗaurayewa. Ba kowane lambu ne ake bai wa ruwa mai kyau ba.

Maka: Ɗan Uwan Da Ya Yi Kuɗi

Cikin 'yan shekarun nan babu kasuwar da za ka shiga, daga Kwatano zuwa Duwala, ba ka ga gwangwani ko leda an rubuta Maca ba, ana tallarsa a matsayin maganin ƙarfin maza ko na ƙara ƙiba ga mata. Ranar da ɗana ya ce min maka ɗan gidan su lansir ne, ban yarda ba sai da ya nuna min sunan: Lepidium meyenii.

Shi a ƙasar Peru yake, a tsaunukan Andis, musamman yankin Junin, wajen mita 4,000 sama da doron teku, inda sanyi da iska ba sa barin yawancin amfanin gona ya rayu. Saiwarsa ake ci, mai kama da ƙaramar albasa. Mutanen wurin suna shanya ta ta bushe, su dafa, su yi kunu da ita. Abincinsu ne tun kaka da kakanni.

Labarin kasuwarsa darasi ne gare mu. A 2014 masu saye daga Sin suka dira a Junin da tsabar kuɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan watanni. Dokar Peru ta hana fitar da saiwar da ba a sarrafa ba, amma aka riƙa fasa-ƙwaurinta. A lokaci guda manoman lardin Yunan na ƙasar Sin suka shuka shi da yawa. Da kayan suka cika kasuwa farashin ya faɗo warwas, waɗanda suka ci bashi suka tara kaya suka kwana ciki. Duk wanda ya taɓa ɓoye citta ko riɗi yana jiran tashi ya san irin wannan daren.

Ni ba na sayar da garin maka, kuma ga dalilina. Gari ne, ba na iya gane abin da aka zuba a ciki da ido. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sha gano sinadarin sildenafil, wato na ƙwayar Viagra, a ɓoye cikin kayan ƙarfin maza da aka rubuta musu "na gargajiya zalla". Mai ciwon zuciya da yake shan magungunan buɗe jijiya irin na naitiret, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa ƙasa ya mutu. Abin da ban san cikinsa ba, ba zan miƙa wa mutum da hannuna ba.

Ranar Da Na Ƙi Ciniki

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Bara waccan wani yaro ɗan garinmu ya zo teburina. Mahaifinsa abokin cinikin maigidana ne fiye da shekara 20, a gidanmu ya sauka da ya fara zuwa Chadi, mu muka je ɗaurin aurensa. Ya gaishe ni ya ce, "Umma, habbatur rashad za a auna min, rabin koro."

Na ce, "Rabin koro? Sari za ka fara?"

Ya ce a'a, amarya ce take fama da ciwon baya da kasala. Ya ji a wani saƙon murya da ake yaɗawa a WhatsApp cewa a jiƙa cokali uku a madara, safe, rana da dare, yana maganin ciwon baya da ƙarancin jini da wasu cututtuka wajen goma.

Na ce, "Ɗana, tsaya. Lafiyarta dai? Ba juna biyu gare ta ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wata uku.

Na mayar da murfin kwano na rufe. Na ce masa ba zan auna ba. A duk ƙasashen da suka san ƙwayar nan, daga Indiya zuwa ƙasashen Larabawa, mai jego ake ba wa bayan ta sauka, don jiki ya dawo nono ya zo. Mai ciki hana ta ake yi, domin tsofaffin littattafan maganinsu sun lissafa ta cikin abubuwan da suke tsinka jinin al'ada, kuma da yawa tana iya taɓa ciki. Cokali tara a rana ba ɗan kaɗan ba ne. Na ce ya kai ta awo, a duba jininta, in ƙaranci ne akwai ƙwayar da ake ba masu ciki.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Umma, abin da malamai suke faɗa a waya ke za ki ce ba haka ba? Ai ba kyauta na ce ki ba ni ba." Ya juya ya tafi ko sallama babu. Da dare mahaifiyarsa ta kira daga gida, ta ce ta ji an wulaƙanta mata ɗa a bainar kasuwa. Maigidana ma ya ce da na auna masa kaɗan na rabu da shi, tunda ga tebura nan birjik zai samu a wani wurin. Gaskiyarsa ne, zai samu. Amma na ce masa, "Alhaji, in wani abu ya faru, da wane ido zan dubi yarinyar nan?"

Washegari na saka mayafi na tafi gidan da kaina, lokacin yana kasuwa. Na samu ledar a kan firji, ya sayo a wani wuri, ta sha sau biyu. Na zauna na yi mata bayani kamar 'yar cikina, na raka ta asibitin unguwa. Ungozomar da ta duba ta ta ce ta ajiye shi sai bayan haihuwa, ta rubuta mata maganin ƙarin jini. Yarinyar ta ji. Mijin kuwa ya yi wata biyar ba ya bi ta layinmu, kuma har yau tsakanina da mahaifiyarsa gaisuwa ce kawai, ba kamar da ba. Ranar suna na je da tuwona, na kai wa mai jego kwalba ɗaya ta algarif ɗin, na ce yanzu lokacinsa ya yi, ƙaramin cokali a kunu ya isa.

Ga Masu Saye Da Sayarwa

Ga kaɗan daga abin da hannu ya koya min, ko wani zai amfana.

Wajen saye, a ɗebi kaɗan a zuba a ruwa. Ƙwaya mai kyau cikin 'yan mintuna za ta kumbura ta yi yauƙi kewaye da ita kamar an sa ta a miyar kuɓewa. A kuma shimfiɗa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma: in sabuwa ce, kwana biyu za ta tsira.

Wannan yauƙin shi ne kuma hatsarinta a ajiya. Danshi kaɗan ya taɓa buhu sai ta dunƙule ta yi fumfuna. Kada a ajiye a ƙasa, musamman 'yan uwanmu na Duwala, Kumasi da Kwatano inda iska take da laima. A sa a roba mai murfi.

Kada a niƙa da yawa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwayar mai ne, kuma irin man da yake saurin yin ɗaci in iska ta shige shi. A sayar da ita ƙwaya, mai saye ya daka daidai buƙatarsa.

A tambayi mai saye wa za a ba. Mai ciki, a'a. Mai maƙoƙo ya fara jin ta bakin likita, don sinadaran dangin nan, in sun yi yawa, suna hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda saƙon waya. Abinci ne mai amfani, yana da sinadarin ƙarfe da na gina jiki, amma ba ya maye gurbin asibiti.

Wadda kuma take kewar kwaɗon gida, ba sai ta jira mota daga Kano ba. Ki samu tsohon baho ki huda ƙasansa, ki zuba ƙasa da ɗan taki, ki barbaɗa irin da kauri, ki ɗan danna da tafin hannu ba tare da kin binne shi da zurfi ba. Yayyafi safe da yamma, a wurin da rana ba ta dukansa tsaye. Mako biyu zuwa uku kin fara yanka. Sanyi yake so. A nan Injamena daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, da zafin Maris ya shigo sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. In ya yi haka kada ki tuge, ki bar shi ya bushe ki kakkaɓe irin baɗi.

Baho uku gare ni yanzu a bayan ɗaki. Ɗaya namu, ɗaya na maƙwabciyata 'yar Sudan da har gobe take tsokanata da "mafi", ɗayan kuma na yarinyar nan ne, da take aiko ƙanin mijinta ya yankar mata duk Juma'a.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin abin da zai zame mana nauyi gobe. Amin.